Kunya ba ta gyara aikin da ya ɓaci

Akwai wata kunya da ke cutar da mu, ita ce kunyar gaya wa mai sana'a cewa aikinsa bai yi ba. Tela ya ɓata maka yadi, ko magini ya karkatar da bango, sai ka biya shi cif, ka ce Allah ya sa albarka, ka koma gida kana ƙunƙuni. Muna kiran wannan haƙuri. Ni kuwa, bayan shekarun da na yi ina koyarwa tsakanin Malbaza, Illela ta jihar Tawa da nan Birnin Ƙonni, ina ganin shirun nan darasi ne muke ba yara: wanda ya yi ha'inci da wanda ya kyautata, ladarsu ɗaya.

Ga shi kayan aiki ba araha. Siminti dai yana kusa, tun da masana'antar Malbaza tana kan babbar hanyar da ta ratsa garinmu. Amma yawancin kayan ƙawata gida daga Najeriya suke shigo mana, ta Illela ta jihar Sakkwato. Duk wanda ya yi gini lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ko bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ya san yadda farashi ya yi tsalle. Abin da ka tara wata da watanni kafin ka saya, wuƙar ma'aikaci tana iya lalata shi cikin minti ɗaya.

Gidanmu bene ne mai hawa ɗaya, matakalarsa 17, ta siminti mai sulɓi. Inna tana fama da ciwon gwiwa, ga jikoki suna hawa da sauka a guje. Sai muka yanke shawarar shimfiɗa kafet, wanda mu nan muke kira moket. Na samu wani matashi mai wannan sana'a, muka yi ciniki a gaban maƙwabcina: rabin kuɗi kafin aiki, rabi bayan mako guda idan an duba an gamsu. Ya zo da yaransa biyu bayan azahar, kafin magariba ya ce an gama.

Kwana uku kacal aikin ya tona kansa. Kafet ya kumbura a matakala huɗu, ya ɗago a bakin ta biyar daidai inda yatsan ƙafa zai saƙale. Daga ta tara zuwa ƙasa launinsa ya bambanta da na sama, alhali yanki ɗaya na saya. Da na ɗaga gefe, sai ga ƙura kwance a ƙarƙashi, gam ɗin kuwa ɗigo-ɗigo aka sa shi nan da can.

Ya kamata iyaye su san ƙa'idojin wannan aiki, domin ba su da wuya. Dole siminti ya bushe sarai, a share shi a goge, musamman lokacin hunturu, don gam ba ya kama ƙura. Ana shafa gam ɗin ko'ina, a kan matakin da fuskarsa, don wanda aka ɗiɗɗiga ba ya jure zafin Afrilu da Mayu. Gashin kafet yana da inda ya kwanta, kuma kwanciyar tana bin sauka ne. Idan aka juya yanki ɗaya, launi zai bambanta kuma ya riga sauran cinyewa. Ba a haɗa yanki biyu a bakin mataki, sai a kusurwar ciki inda ƙafa ba ta kaiwa. Bakin kuwa ana danne shi da ƙarfen alminiyom. Kafin duk wannan, a auna tsayin matakan: yawanci santimita 17 ko 18 ne, kuma dole su zama daidai da juna, domin ƙafa tana haddace mataki na farko. Idan magini ya bar tazara, kafet ɓoye ta zai yi kawai.

Na kira matashin. Ya duba ya ce, "Mushe, ai haka moket yake, in an tattaka zai kwanta."

Na ce, "To, malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Za ka yarda mahaifiyarka ta sauko nan da asuba, da buta a hannu, ba wuta?"

Ya sunkuyar da kai. Amma gyara bai zo ba, sai gobe, sai jibi. Ban kai shi ƙara ba, ban kuma yi masa tonon silili a kasuwa ba. Na nemi ubangidan da ya koya masa sana'a, wani dattijo, na gaishe shi na ce, "Baba, ɗanka ya yi mini aiki, ina so ka zo ka sa ido." Da ya zo bai yi dogon magana ba. Ya shafa matakalar da tafin hannu, ya dubi yaron ya ce, "Haka na koya maka?" Daga baya ya gaya mini cewa wata takwas kawai yaron ya yi a hannunsa, mahaifinsa ya janye shi don ya fara kawo kuɗin cefane.

Aka ɓamɓare kafet ɗin, aka kankare, aka sake shimfiɗawa cikin kwana biyu, dattijon yana tsaye. Yankin da ya lalace aka sayo madadinsa daga cikin ragowar kuɗin aikin, na cika masa abin da ya saura, muka rabu da musabaha.

Maganar wata takwas ɗin nan ita ta fi tsaya mini a rai. Yaron ba mugu ba ne, ɗanye aka tsinke shi. A da, almajirin sana'a yakan yi shekaru yana kwaɓa ƙasa da miƙa kayan aiki kafin a sallame shi, kuma garuruwan Hausa suna da sarkin magina da sarkin maƙera da ake kai wa kuka. Yau akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ake kira CFM a ƙananan hukumomi, ga kuma tsofaffin masu sana'a a kowace unguwa, amma matsin rayuwa yana sa iyaye su cire yaro da zarar ya iya riƙe wuƙa da abin awo. Kuɗin da zai kawo a shekarar farko ba su kai sunan da zai ɓata ba.

Mu malamai ma maganar ta shafe mu. Ɗalibin da aka ba 10 bisa 20 don tausayi, alhali aikinsa na 6 ne, an shimfiɗa masa kafet a kan ƙura. Zai ɗago ranar jarrabawar BEPC, ko ranar da aka damƙa masa aikin wani. Mayar wa yaro littafinsa a ce ya sake, ba wulaƙanci ba ne, matuƙar an nuna masa inda kuskuren yake kuma ba a tozarta shi a gaban aji ba.

Don haka idan za ku ba da aiki, ku yi ciniki a gaban shaida, ku riƙe wani kaso har a duba, ku tambayi wanda ya koya wa ma'aikacin. Idan aiki ya ɓaci, ku faɗa da ladabi, ku nuna wurin da yatsa, kuma ku bar ƴaƴanku su ji yadda ake faɗa. Idan kuma ɗanku yana koyon sana'a, ku bar shi har ubangidansa ya ce ya nuna. Wata rana ƙafar mahaifiyar wani za ta taka aikinsa.