Tallafin Noma: Sunan Wa Ke Cikin Takardar?

Duk lokacin da gwamnati ta sanar da sabon shirin tallafa wa manoma, abokan aikina a jami'a kan tsaya muhawara kan yawan biliyoyin da aka ware. Ni da na tashi a ƙasar Mafara, tambayata ɗaya ce: wa zai rubuta sunayen waɗanda za a ba, kuma a wane wata kayan za su iso?

Mutanen Birnin Tudu ne suka koya mini wannan tambaya. Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978. Ruwa ya cinye gonakin wasu a yankin Maradun, aikin haƙa magudanai kuma ya hana wasu noma a Bakura da Talata Mafara. An yi alkawarin diyya, amma biyan ya zo da jinkiri da rigima kan sunan wanda aka sa da wanda aka tsallake. Da manoma suka tare hanyoyin aikin, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma a Afrilun 1980. Gwamnati ta ambaci mamata ashirin da 'yan kai. Mutanen yankin har gobe ɗaruruwa suke cewa. Na girma ina jin dattawa suna ba da labarin da murya ƙasa-ƙasa.

Diyya daban, tallafi daban, amma cutar ɗaya ce. A 2012 ministan noma Akinwumi Adesina ya ɓullo da tsarin aika wa manomi saƙo ta wayar salula, ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin farashi. Tunani ne mai kyau, domin ya rage hannun 'yan tsakiya. Sai dai dattijon da ba ya da waya, ko ƙauyen da babu sabis, sun zama 'yan kallo. A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi. Bashi ne, amma da yawa sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa, kuma an sha kukan cewa waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba sun shiga sahu.

Ƙanen mahaifina manomin shinkafa ne. Akwai shekarar da takinsa na tallafi ya iso bayan shinkafa ta fid da kai. Bai yi gardama ba. Ya sayar da shi a kasuwa ya biya ɗan kasuwar da ya ranta masa taki tun farkon damina. A takardar ofis an rubuta cewa ya amfana. Yau kuma ga ƙarin nauyi: a wasu ƙauyukan Maradun sai manomi ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya girbe abin da ya shuka.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba na cikin masu cewa a soke tallafi, musamman bayan cire na man fetur a 2023, wanda ya ninka kuɗin ban ruwa. Abin da nake nema mai sauƙi ne. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwan Bakolori sun san kowace gona da mai ita. A bar su su rubuta sunaye. A karanta takardar a bainar jama'a a ƙofar mai gari, domin maƙwabci ba ya jahiltar wanda ke noma. Sannan kaya su iso kafin ruwan farko ya sauka, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Manomin Birnin Tudu ba sadaka yake roƙo ba. So yake ya ga sunansa inda ya dace, a lokacin da zai yi masa amfani.