Jarka biyu ta isa wankin mako guda

A Babura, kafin a yi maganar sabulu sai an yi maganar ruwa. Mu da muka tashi a garin nan mun san duk jarkar da ke ajiye a tsakar gida akwai wanda ya sha wahalarta. Ko dai wani ƙane ya bi layi a famfon tuka-tuka tun da sassafe, ko kuma Baba ya ciro kuɗi ya biya ɗan garuwa. Jarka mai cin lita 25 idan ta cika nauyinta kilo 25 ne, rabin buhun siminti ke nan. 'Yan uwanmu na Roni da Kazaure, inda duwatsu suka yi yawa kuma haƙa rijiya ke da wuya, sun fi mu sanin wannan lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin ruwan da mutum ɗaya ke buƙata don sha da girki da 'yar tsaftar jiki. To, wanda ya ɓarar da jarka huɗu a kan riga uku da wando biyu, ruwan mutum biyar ya zubar a kwata.

Wannan magana muna yin ta ne da ƙannenmu da suka shiga aji ɗaya, waɗanda Umma ta fara cewa, "Daga yau kowa ya wanke nasa." Da yawanmu kayan makaranta saiti ɗaya gare mu, mai gata ne ke da biyu. Idan farar riga ta koma ruwan ƙasa, ko shuɗin wando ya zuba a jikinta, da ita za a je taron safe ran Litinin a gaban kowa, don ba lallai a samu kuɗin sabon yadi ba sai zango mai zuwa. Mun sha ganin yadda sabon shiga ke yi: ya tattaro komai ya cusa a baho ɗaya, ya juye omo kamar ba da kuɗi aka saya ba, kumfa ta tashi har gwiwar hannu, sannan ya ƙarar da ruwan gidan wajen ɗauraya, kayan kuma ba su fita ba.

Wanki yana farawa ne tun hannu bai taɓa ruwa ba. A lalube aljihu, domin biro ɗaya da ya fashe a cikin baho ya isa ya lalata rigar da ba za ta sake komawa daidai ba. A kakkaɓe kowane tufafi sosai, musamman da hunturu, lokacin da iskar da ke kaɗowa daga wajen Nijar ke cusa ƙura a kowane saƙo. Ƙurar da aka kakkaɓe ta tafi kyauta, wadda aka bari kuwa sai ta zama taɓo a cikin ruwan wanki. Daga nan a ware kashi uku: farare, masu haske, da masu duhu. Sabuwar atamfa ko yadin da ba a taɓa wankewa ba, a jiƙa gefensa a matse a kan farin tsumma. In launi ya fito, mai zuba ne, shi kaɗai za a wanke shi.

Akwai abin da muka koya a Islamiyya cikin Ahalari da Ishmawi wanda ya shafi baho kai tsaye. Tufafin da najasa ta taɓa, kamar fitsari ko jini, ba a jefa shi cikin sauran kaya. A fara wanke wurin da tsarkakakken ruwa har najasar ta gushe, sannan ya shiga layi. Jini kuwa ruwan sanyi yake so. Ruwan zafi dafa shi yake yi ya kama zare, kamar yadda ƙwai ke daskarewa a tukunya. 'Yan mata su riƙe wannan da kyau, haka ma masu buga ƙwallo da ke dawowa da gwiwa a fashe.

Yanzu ga inda jarka biyu ke isa. A samu mazubi uku, baho ɗaya da bokiti biyu. A baho a zuba ruwa kamar rabin jarka, a narkar da omo kaɗan, a jiƙa fararen kaya na minti 20 zuwa 30. Wannan jiƙon shi ne rabin aikin, kuma ba ya cin ƙarfin kowa. A lokacin mutum na iya share ɗaki ko ya duba aikin gida. Bokitan nan biyu na ɗauraya ne, na farko da na biyu. Farare su fara shiga, su fito, su bi ta bokitin farko, su ƙare a na biyu. Ruwan sabulun da suka bari bai mutu ba, masu haske za su shiga cikinsa, bayansu masu duhu, a ƙarshe safa da tsumman goge takalmi. Idan ruwan baho ya yi baƙi aka zubar, ba sabo za a ɗebo ba: ruwan bokitin farko, wanda ya riga ya ɗauki ɗan sabulu, shi zai koma baho, na biyu ya zama na farko, sabon ruwa ya shiga bokitin ƙarshe kawai. Kafin kowace ɗauraya a matse tufafin sosai, don yawan sabulun da aka matse a baho shi ne ruwan da aka huta nema. Iyayenmu mata sun daɗe suna wannan tsari ba tare da sun kira shi da wani suna ba.

Mutane da yawa sun ɗauka kumfa ce ke wanki. Ba ita ba ce. Kowane ɗan ƙwayar sabulu kai biyu gare shi, ɗaya na kama maiƙo, ɗaya na kama ruwa, shi ya sa yake iya janye gumi da man shafawa daga zare ya tafi da su cikin ruwa. Da zarar sabulun ya ishi dattin, ƙarin da aka yi sai dai ya maƙale a kaya, ya sa su tauri, ya jawo ƙaiƙayi. Wani lokaci kuma laifin na ruwa ne. Wasu rijiyoyin ruwansu na ɗauke da sinadaran kalsiyam da magnesiyam da yawa, sai ka ga sabulun sanda ya ƙi kumfa, wani farin dusa-dusa na yawo a sama. A irin wannan ruwa omo ya fi aiki, sabulun sanda a bar shi don goga wa wuyan riga da hammata da bakin hannu. Wuraren nan uku su ne ke tona asirin mai wanki, kuma su malami ke fara kallo. A goga musu sabulu, a cuɗa da hannu yadi a kan yadi. Dirza riga a kan siminti ko dutse yana fitar da datti, amma yana cinye zaren, wata uku sai ka ga wuya ya fara tsagewa.

Hijabi ba ya son murɗa mai ƙarfi, a matse shi a hankali. Bula kuma ba wanki take yi ba, dabara ce ta ido: ɗan shuɗin da take bari yana danne jan-jan ɗin da farin yadi ke yi idan ya tsufa. A narkar da ita sarai a ruwan ɗauraya na ƙarshe kafin a tsoma riga, in ba haka ba a fito da taswira a baya. Masu amfani da Hypo ko Jik, farare kawai ake sa wa, murfi ɗaya cikin ruwa mai yawa. Kada a kuskura a haɗa su da ruwan wanke masai ko wani maganin tsafta, don haɗin na tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi. A kuma ajiye su inda ƙananan yara ba za su kai ba.

Rana kam Allah Ya ba mu, a watan Afrilu riga kan bushe kafin a gama wanke wando. Sai dai ranar da ke ƙara wa fari haske ita ke kashe launin atamfa, don haka masu launi a juya cikinsu waje, a kwashe da zarar sun bushe. Shanya a kan igiya ake yi, ba a ƙasa ba. Akwai wani ƙuda a ƙasashen Afirka da ke saka ƙwai a ƙasa mai yashi da jikin tufafi masu damshi, tsutsarsa ta huda fata ta yi ƙurji kamar maruru, kuma zafin dutsen guga na kashe ƙwan. Wani abin da ba a cika faɗa ba saboda kunya shi ne kayan ciki. Da yawa kan ɓoye su a ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa su bushe a duhu. Damshin nan ne ke kawo wari da ƙaiƙayi. A shanya su a rana ta bayan ɗaki, ko a yafa musu siririn mayafi a kan igiya. Ruwan da ya rage kuma a wanke bayi da shi, ko a yayyafa wa tsakar gida. Wanda aka kwarara a lungu ya kwanta, sauro ne zai gode.

Sai ku, 'yan uwanmu maza. A gidaje da yawa yaro kan tuɓe kaya ya jefa wa ƙanwarsa ya fice filin ƙwallo, alhali aji ɗaya suke, jarrabawa ɗaya za su zauna. Awa biyun da ta yi a durƙushe kan kayanka ran Asabar, daga lokacin karatunta aka cire su. Mu dai ba mu ga jarumta a nan ba. Kuma ranar da aka tura ka makarantar kwana a Gumel ko Kafin Hausa, ko ka samu gurbi a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ba wata ƙanwa da za ta bi ka da baho. A can kowa ya iya allonsa ya wanke, har da rigarsa.

Guga ta fi daɗi ran Lahadi da yamma. In babu wuta, dutsen gawayi na nan, amma yana da sharuɗɗansa. A bari garwashin ya ruru hayaƙi ya ƙare, a fita waje a hure tokar, a goge ƙasan dutsen, a gwada shi a kan tsumma. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda hijabi, kuma yadin roba narkewa yake yi nan take, don haka a ɗora masa siririn ƙyalle a goga ta sama. A fara da kayan auduga masu kauri lokacin da dutsen ke da zafi, a yayyafa musu ruwa kaɗan, a bar masu laushi sai ya fara hucewa. A riga, wuya ake fara gogewa, sai hannuwa, sai baya, gaba ya zo ƙarshe don kada ya sake yamutsewa. In an gama a juye garwashin a kashe shi da ruwa, a rataye kayan a cikin ɗaki a lulluɓe su, saboda ƙurar dare.