'Yan Sauyin Amurka da Ƙofar Kotun da Aka Tura

Wanda ya san Gyadi-Gyadi ya san abu biyu da ke tara jama'a a wannan yanki na ƙaramar hukumar Tarauni: kotunan da suka sa ake kiran titi guda Court Road, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke bakin titin Zariya. Masu ƙara a nan, masu jinya a can. In ka haɗa waɗannan biyu ka ƙara da kuɗin yaƙi, ka kama bakin zaren rigimar da ake yi a siyasar Amurka yau: wa zai biya wa talaka kuɗin magani, wa ke naɗa alƙali, kuma ina dalar gwamnati take tafiya.

A majalisunmu na hira mun saba raba Amurka gida biyu, Dimokurat da Rifablikan, sai kowa ya ɗauki gwaninsa. Amma a cikin Dimokurat akwai wani ɓangare da bai cika jituwa da shugabannin jam'iyyar ba, su ne masu ra'ayin kawo sauyi. Dattijonsu shi ne Sanata Bernie Sanders na jihar Vermont, wanda ya nemi takarar shugaban ƙasa a 2016 da 2020, duka biyun aka kayar da shi tun a zaɓen fid da gwani. A zaɓen 2018 matasansu suka ci kujerun majalisar wakilai: Alexandria Ocasio-Cortez daga New York, da Ilhan Omar, haifaffiyar Somaliya da ta taɓa zama a sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, da Rashida Tlaib, 'yar asalin Falasɗinu. A Nuwamban 2025 kuma Zohran Mamdani, haifaffen Kampala, ya ci kujerar magajin garin New York, Musulmi na farko da ya hau ta, da alƙawarin bas kyauta da hana ƙarin kuɗin haya a gidajen da hukuma ke ƙayyade farashinsu.

Bakano ba zai ji maganganunsu baƙi ba. Suna cewa ƙasar da ta fi kowace dukiya ba ta da hujjar barin mutum sama da miliyan 25 ba inshorar lafiya, ga shi kwana ɗaya a gadon asibiti a can kan iya cinye albashin wata. Suna son tsarin Medicare, wanda tun 1965 yake ɗaukar nauyin 'yan shekara 65 zuwa sama, ya game kowa da kowa. Suna ƙorafin cewa mafi ƙarancin ladan aiki na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, alhali komai ya tashi. Wanda ya ji labarin NEPU da aka kafa a Kano a Agustan 1950, ko ya ga ranar da gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, ya san irin wannan harshe.

Sai dai su Malam Aminu jam'iyyarsu suka kafa, waɗannan kuwa zaman haya suke a gidan wasu. Tsarin zaɓen Amurka ba ya barin jam'iyya ta uku ta yi numfashi, saboda haka dole su raɓa da Dimokurat. Ga majalisar dattawa da ke ba kowace jiha cikin 50 sanata biyu, har Wyoming mai mutum wajen dubu 600 ta yi kunnen doki da Kalifoniya mai miliyan 39. Ga ƙa'idar da ta sa yawancin dokoki sai sun sami sanata 60 cikin 100 kafin su wuce. Don haka suna da murya, suna da matasa, suna cika dandali, amma ƙarfin yin doka ya yi musu kaɗan. Abin da majalisa ta kasa warwarewa kuwa a kotu yake ƙarewa.

Kotun Ƙolin Amurka alƙalai tara ne, kuma babu shekarun ritaya: mutum yana kai sai ya sauka don kansa ko ta Allah ta kasance. Donald Trump ya naɗa uku a zangonsa na farko, Neil Gorsuch a 2017, Brett Kavanaugh a 2018, Amy Coney Barrett a 2020, sai masu ra'ayin riƙau suka zama shida, masu sassauci uku. Hukuncin da ya fi ci wa 'yan sauyi tuwo a ƙwarya ya ma riga waɗannan naɗe-naɗen. A 2010, a shari'ar Citizens United, kotun ta ce kamfanoni da ƙungiyoyi na iya kashe ko nawa suka ga dama wajen tallata ɗan takara ko sukarsa, muddin ba hannu da hannu suka ba shi ba, wai hakan 'yancin faɗin albarkacin baki ne. Mu nan a ɓoye ake raba kuɗin siyasa, can kuwa kotu ce ta ɗaure masa gindi. A 2024 ta ƙara da cewa shugaban ƙasa yana da kariya daga tuhuma a kan ayyukan ofishinsa.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Tarauni da alƙalan Washington? Da ruwansa, domin yaran Kano sun taɓa kai kukansu gabansu.

A 1996 sanƙarau ya ɓarke a Arewa, ya kashe mutum fiye da dubu 10. A tsakiyar annobar ne ma'aikatan kamfanin Pfizer suka sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, IDH, suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka shanye. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce ya nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Maganar ba ta fito duniya sosai ba sai da jaridar Washington Post ta tono ta a Disambar 2000, kuma tana cikin abubuwan da suka sa jama'a suka juya wa rigakafin shan inna baya a Kano a 2003.

A 2001 iyalan suka shigar da ƙara a New York. Da wace hujja baƙo zai kai ƙara a ƙasar da bai taɓa takawa ba? Da wata tsohuwar doka ta 1789, jimla ɗaya tak, wadda ta ba kotunan tarayya ikon sauraren baƙon da aka zalunta ta hanyar keta dokar ƙasa da ƙasa. Ta yi kusan shekara 200 tana barci, sai a 1980 lauyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka tashe ta a wata shari'ar azabtarwa daga Paraguay. Ƙaramar kotu ta kori ƙarar mutanen Kano, amma a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce yi wa mutum gwajin magani ba da yardarsa ba laifi ne da duniya ta haɗu a kan haramcinsa, don haka a saurare su. Shari'ar Abdullahi da Pfizer ke nan. Kamfanin ya garzaya Kotun Ƙoli, ta ƙi karɓar ƙorafinsa a Yunin 2010. A 2009 ɗin ne ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba, kuma a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu bayan gwajin DNA.

Ba a jima ba aka tura ƙofar, kuma a kan wata shari'ar Najeriya aka tura ta. Esther Kiobel, matar Dokta Barinem Kiobel da gwamnatin Abacha ta rataye tare da Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, ta yi ƙarar kamfanin Shell da wannan doka. A Afrilun 2013 Kotun Ƙoli ta ce dokar ba ta kai ga abin da ya faru a ƙasar wasu ba, sai in ya taɓa Amurka sosai. A 2018 ta ce ba za a iya ƙarar kamfanin waje da ita ba sam. A 2021 wasu 'yan Mali shida da suka ce an bautar da su suna yara a gonakin koko na Kwaddibuwa suka yi ƙarar Nestlé da Cargill, aka sallame su hannu rabbana. Da yau aka yi abin Trovan, da wuya ƙarar ta kai inda ta kai.

Lauyoyin 'yan sauyi ne suka fi kowa kuka da wannan koma-baya, kuma a ganina sun yi gaskiya: kamfanin da ke kwasar riba a ko'ina bai kamata a ce kotun gidansa ba ta ganin abin da ya aikata a waje ba. Amma kada a yi musu kwalliyar da ba tasu ba. A shari'ar Kiobel har alƙalai masu sassaucin sun yarda a kori ƙarar, hujjarsu ce kawai ta bambanta, a ta Nestlé ma takwas da ɗaya aka tashi.

A harkar waje ma kalamansu sun fi kusa da kunnenmu. Su ne ke tambayar dalilin ba Isra'ila taimakon soja na dala biliyan 3.8 duk shekara, a ƙarƙashin yarjejeniyar da Barack Obama, ɗan Dimokurat, ya ƙulla a 2016. Lokacin yaƙin Gaza Sanders ya kawo ƙudurin tsayar da sayar wa Isra'ila wasu makamai, majalisar dattawa ta yi fatali da shi da babban rinjaye. A Fabrairun 2024 mutum sama da dubu 100 a jihar Michigan suka ƙi zaɓar Joe Biden a fid da gwani don nuna fushi, da Nuwamba ta zo kuma Trump ya ci Dearborn, garin da Larabawa suka fi yawa. 'Yan sauyin ne kuma ke sukar sansanoni irin na jirage marasa matuƙa da Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina a Agadas, wanda sojojin Nijar suka sa ta kwashe kayanta daga cikinsa a 2024. Da gwamnatin Trump ta rushe hukumar USAID a 2025, asibitocinmu masu karɓar maganin ƙanjamau da tarin fuka da tamowa sun ji a jikinsu, kuma 'yan sauyi suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya.

Wannan ra'ayin nasu yakan juyo kanmu. Dokar Leahy, mai hana taimaka wa rundunar da ake zargi da cin zarafin farar hula, tana cikin abin da ya sa aka ƙi sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu a 2014, Boko Haram tana ganiyarta. Jiragen Super Tucano 12 kuwa Trump ne ya amince a sayar. Sannan ga maganar iyali da addini, inda tsakaninmu da su akwai tafiyar kwana da kwanaki. Ranar da Kotun Ƙoli ta halatta auren jinsi a 2015 murna suka yi, ranar da ta soke 'yancin zubar da ciki a matakin tarayya a 2022 zaman makoki suka yi. Mai neman wanda zai yi masa daidai a komai a siyasar Amurka zai daɗe yana nema, domin masu ra'ayin riƙau da suka fi kusa da shi a maganar aure su ne suka sa Najeriya a jerin ƙasashen da aka taƙaita wa biza a 2020.

Filin wasa ma bai tsira ba. Mu mun fi tuna Amurka da ƙwallon 1994 da zinaren Atlanta na 1996, da Hakeem Olajuwon yana azumi yana wasa. Su 'yan sauyi wasu suke tunawa. Muhammad Ali ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam a 1967, aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar, sai a 1971 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba. A 1996 aka dakatar da Mahmoud Abdul-Rauf na ƙungiyar kwando ta Denver saboda ya ƙi miƙewa ana taken ƙasa, har aka daidaita a kan ya tsaya yana addu'a. A 2016 Colin Kaepernick ya durƙusa ana taken, don nuna ɓacin rai da yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙen fata, kuma tun ƙarshen wannan kakar ba ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa. Inda suka yi nasara a fili shi ne maganar ɗalibai 'yan wasa, waɗanda a da jami'o'i ke samun biliyoyi da guminsu ba a biyansu. A 2021 alƙalai tara suka haɗu a kan cewa hukumar wasannin jami'o'i ba ta fi ƙarfin dokar kasuwa ba, har Kavanaugh ne ya fi kowa zafafa lafazi.

Gasar cin kofin duniya ta 2026, wadda aka ba Amurka da Kanada da Meziko, ta haɗa wasa da biza wuri guda. A Yunin 2025 Trump ya hana 'yan ƙasashe 12 shiga Amurka, cikinsu har da Chadi da Iran da Haiti, kuma biyun ƙarshe sun sami gurbi a gasar. Umarnin ya keɓe 'yan wasa da masu horar da su da iyalansu na kusa, bai keɓe 'yan kallo ba. Wanda ke son ƙalubalantar irin wannan umarni kuwa sai ya fara tsallake hukuncin 2018, inda Kotun Ƙoli, biyar da huɗu, ta ce shugaban ƙasa yana da ikon rufe ƙofa ga 'yan ƙasar da ya ga dama in ya kafa hujja da tsaro.