Santambul: Birnin da ake zuwa sayen kyau, amma inshora ba ta rakiya ɗakin tiyata

DUK ma'abocin kallon finafinan Indiya ya san Santambul ko da bai taɓa taka ƙasar Turkiyya ba. A nan ne Salman Khan da Katrina Kaif su ka yi wani ɓangare na 'Ek Tha Tiger' na 2012, kuma a nan Abhishek Bachchan ya fara neman na kan sa a farkon fim ɗin 'Guru' na 2007. Masu kallon na Turawa kuwa ba za su manta da yadda Daniel Craig ya yi tseren babur a kan rufin babbar kasuwar birnin a cikin 'Skyfall' ba. Daraktoci na son garin ne don duk inda aka kafa kyamara sai an samu hoto: ga mashigin ruwan Bosforus da ya raba birnin biyu, rabi a Turai rabi a Asiya, ga Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida, ga Aya Sofiya da aka kammala ginin ta tun shekarar 537, aka kuma mayar da ita masallaci a 2020.

Amma akwai wani abu da baƙo zai ci karo da shi a wannan dandali da kyamarar fim ba ta nunawa. A cikin masu ɗaukar hoto a gaban masallatan, sai ka ga ƙato da gemun sa, kai a aske tas, an naɗe ƙeya da farin bandeji, goshi ya kumbura, saman kan duk ɗigo-ɗigon jini da ya bushe. Ka waiga, ga wani. Can ga mace da filasta a kan hanci, ƙasan idanun ta ya yi baƙi kamar wadda aka yi wa duka. Babu mai kallon su, domin mutanen gari sun saba. Ba haɗari su ka yi ba. Masu sanƙo ne da su ka zo dashen gashi, da masu gyaran hanci, sun fito shan iska kafin ranar komawa gida. Abin ya yi yawan da har masu barkwanci su ka sauya wa kamfanin jirgin saman ƙasar suna, su na kiran sa jirgin masu sabon gashi.

Cibiyar wannan kasuwa ba ta wajen tsofaffin masallatai. Sai an tsallaka zuwa unguwanni irin su Shishli da Nishantashi da Levent, arewa da dandalin Taksim, inda benaye ke cike da asibitocin kuɗi da ofisoshin likitoci, kowane da allon sa. 'Yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya a Laleli sun fi sanin birnin da atamfa da abaya da takalma, amma a waɗannan unguwanni hajar ita ce jikin mutum: hanci, haƙori, ƙirji, tumbi, mazaunai. Faɗuwar darajar kuɗin ƙasar, wato lira, ta sa aikin ya yi arha ga duk mai riƙe da dala ko fam ko yuro, shi ya sa mutanen Ingila da Jamus da ƙasashen Larabawa ke tururuwa.

Kuma sun iya talla, ba ƙarya. Ciniki a dunƙule ake yi tun a Instagram da WhatsApp. Mutum ya tura hoton sa, a faɗa masa farashi guda: baƙar mota mai kujerun alfarma za ta ɗauko shi daga filin jirgi, ga otal na kwana kaza, ga tafinta, ga tiyata, ga magani, wani lokaci har da yawon buɗe ido a kan ruwa. Sai abin ya yi kama da hutu. To, a cikin wannan jerin fa akwai abin da ba kasafai ake ambata ba, kuma shi ne mafi tsada: wa zai biya idan aiki ya ɓaci?

Nan ne da yawa ke cewa, "Ai ina da inshora, sai da na yanka kafin a ba ni biza." Wannan takarda da ejan tafiye-tafiye ke haɗa wa mutum cikin minti goma, inshorar tafiya ce ta yau da kullum. An yi ta ne don abin da ya afko ba zato: mota ta buge mutum, ya zame a bene ya karye, zazzaɓi ya kayar da shi, jaka ta ɓata, jirgi ya soke tashi. Hatta wadda ƙasashen Turai na yankin Shengen ke wajabtawa, mai ɗaukar nauyin yuro 30,000, ta jinyar gaggawa ce kawai. A can cikin ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa, kusan kowace irin wannan takarda ta na da sharaɗin cewa ba ruwan kamfani da wanda ya yi tafiya da niyyar a yi masa aikin asibiti, kuma ba ruwan sa da duk matsalar da ta biyo bayan aikin. Hujjar su ita ce, wanda ya kai kan sa ƙarƙashin wuƙa da ƙafar sa ba tsautsayi ne ya same shi a hanya ba. Wasu kamfanonin ma idan su ka gano an ɓoye masu dalilin tafiyar, sai su soke takardar baki ɗaya, har kuɗin jakar da ta ɓata su hana.

A ɗauka wata budurwa ce ta tara kuɗin ta, ta tafi a zuƙe mata kitsen ciki. An gama lafiya, an sallame ta zuwa otal da robar tsiyayar da ruwa a jiki. Dare na uku zazzaɓi ya rufe ta, wurin ɗinki ya fara ruwa. Asibitin da ya yi aikin zai iya duba ta, amma idan abin ya kai ga ɗakin kulawa ta musamman, lissafi sabo ne, kuma kowace rana kuɗi ne. Tikitin komawa ya ƙone, kwanakin otal sun ƙare, bizar ma ta na ƙirga kwana. 'Yar'uwar da ta rako ta na buƙatar wurin kwana da abinci. Idan likita ya ce ba za ta iya zama a kujerar jirgi ba sai jirgin ɗaukar marasa lafiya, ana maganar dubun-dubatar daloli ne. A buga wa kamfanin inshora waya, tambayar farko ita ce me ya kawo ta asibiti. Daga amsar ta magana ta ƙare. Ofishin jakadanci kuma ba ya biyan kuɗin asibitin kowa.

Kada mai karatu ya ce ai wannan tsoratarwa ce kawai. A 2023 Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya ta bayyana cewa ta san da 'yan ƙasar ta sama da 25 da su ka rasu a Turkiyya tun daga Janairun 2019 bayan ayyukan asibiti da su ka je yi. Mafi haɗari a ciki ita ce tiyatar ƙara mazaunai da ake kira BBL, inda ake zuƙo kitse daga ciki ko cinya a ɗura shi a baya. Idan allurar ta yi zurfi ta shiga tsoka, kitsen kan faɗa jijiyar jini ya wuce huhu ya toshe, wani lokaci tun mutum na kan gadon tiyata. Wani bincike na likitocin fannin da aka fitar a 2017 ya ƙiyasta mutuwar mutum ɗaya cikin kimanin 3,000, har ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Birtaniya ta shawarci 'ya'yan ta su dakatar da yin ta a 2018, ba su dawo ba sai a 2022 da sababbin sharuɗɗa. Kuma ba a Turkiyya kaɗai ba ne, ba kuma talaka kaɗai ba. 'Yan Nijeriya ba su manta da ranar 23 ga Oktoba, 2005 ba, lokacin da uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifen bayan tiyatar zuƙe kitse. A 2009 kotun can ta yanke wa likitan hukuncin ɗaurin shekara ɗaya.

Adalci shi ne a faɗa cewa Santambul na da ƙwararrun likitoci da asibitoci na gani na faɗa, kuma mafi yawan masu zuwa lafiya lau su ke komawa. Gwamnati ma ba ta naɗe hannu ba. Tun 2017 doka ta ce duk asibiti ko dillalin da zai karɓi majinyata daga waje sai ya mallaki takardar izini daga Ma'aikatar Lafiya, kuma a Afrilun 2025 aka fitar da sabuwar ƙa'ida da ta ɗora wa asibitocin yanka inshorar matsalar da kan biyo bayan tiyata ga baƙi. Sai dai takarda daban, abin da ke cikin ta daban. Mai hankali zai nemi a turo masa ita a rubuce, da harshen da ya ke ji, ya ga nawa ta ɗauka, wata nawa za ta yi aiki, kuma ko za ta biya idan matsalar ta taso bayan ya koma gida ko sai ya sake sayen tikiti ya dawo. Alƙawarin "gyara kyauta" da dillalai ke yi a waya sau da yawa ladan likita kaɗai ya ke nufi, ban da jirgi, otal da kuɗin ɗakin tiyata.

Akwai kuma inshora ta musamman da wasu kamfanoni ke sayarwa don masu tafiya neman aikin asibiti. Ta fi ta yau da kullum tsada nesa ba kusa ba. Ba ta biyan kuɗin tiyatar kan ta, kuma ba ta biya don kawai hanci bai fito yadda mai shi ya so ba. Abin da ta ke ɗauka shi ne jinyar matsala, ƙarin kwanaki, sauya tikiti, wani lokaci da ɗawainiyar ɗan rakiya. Dole a yanke ta kafin a tashi, a faɗi gaskiyar irin aikin da za a yi da duk ciwon da ake da shi, kamar hawan jini, ciwon suga ko sikila. Wasu ba su karɓar BBL sam. Da yawa kuma mazauna Birtaniya ko Turai kawai su ke sayar wa, don haka mai tasowa daga Kano ko Yamai sai ya bincika da kyau kafin ya biya kafin alƙalami.

Ga baƙar fata ma akwai ƙarin abin lura. Fatar ta fi saurin yin tabo mai kumburowa a wurin yanka, irin wanda kan fito a kunnen wasu bayan huji, kuma ya kan ɗauki watanni kafin ya bayyana. Gashi mai murɗewa kuma saiwar sa a lanƙwashe ta ke a cikin fata, wanda bai saba cire irin ta ba sai ya yi ta yanke ta. Likitan da duk hotunan tallar sa na Turawa ne da Larabawa, ya kamata a tambaye shi baƙi nawa ya taɓa yi wa.

Ranar tafiya, baƙar motar nan za ta dawo ta kai mutum sabon filin jirgin birnin, wanda aka buɗe a 2018, can nesa da gari. Hukumar lafiya ta Ingila na ba da shawarar a jira kwana 5 zuwa 7 kafin a hau jirgi bayan zuƙe kitse ko aikin ƙirji, kwana 7 zuwa 10 bayan aikin fuska ko rage tumbi, saboda doguwar zama na sa jini ya daskare a ƙafa, gudan ya tashi ya nufi huhu. Amma kwanakin da ke cikin ciniki ba koyaushe su ke kai haka ba, kuma kowane ƙarin dare daga aljihun mai jinya ne. Shi ya sa a zauren jiran jirgi za ka ga wasu mata a tsaye sun jingina da bango, ba su iya zama, kowace na rungume da ɗan matashin da asibiti ya ba ta, ga tafiyar awa shida ko bakwai a gaban wadda za ta Abuja. Ma'aikacin jirgi zai nemi takardar likita da ta ce an yarda ta tashi. Ita wannan takarda, asibitin da ya yi aikin ne ke sa mata hannu.