Daga Atebubu Zuwa Salaga a Kan Keke

Kowa a zangunan ƙasar nan ya sha jin an ce kakanninsa fatake ne, goron Gwanja ya kawo su. Amma ka tambayi yaro ina Gwanja take, sai ya yi ta sosa ƙeya. Wannan ne ya sa mu malamai uku da manyan ɗalibanmu biyar muka ɗaure kaya a kariya cikin hutun Disamba, muka bi tsohuwar hanyar Arewa daga Kumasi a kan keke. Labarin rana ta uku za mu ba ku, domin ita ce ta fi gasa mu.

Bayan sallar Asuba muka bar Atebubu, hunturu yana yanka fuska, hazo ya rufe gonakin doya. Tsakaninmu da Yeji kusan kilomita 70 ne. A Prang muka sha koko da ƙosai, wata dattijuwa ta ƙi karɓar kuɗinmu da ta ji inda muka dosa. "Ku gaida mini Salaga, 'ya'yana," in ji ta. Hausarta garau, har yaran namu suka riƙa kallon juna.

Daga nan rana ta buɗe. Faci biyu muka yi, sirdi ya fara cin mutane, hira ta mutu. Sai bayan Azahar muka gangara bakin ruwa a Yeji, inda warin kifin banda ya tare mu tun daga nesa.

To, a nan hanya ta ƙare. Da can kogi ne kawai ake hayewa, motocin Tamale duk nan suke bi. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tabkin Volta ya cika, ya tashi mutane wajen dubu 80 daga gidajensu, ya kuma raba hanyar gida biyu. Shi ya sa direbobi suka koma bin Techiman da Kintampo. Wanda ya nace sai ta nan, dole ya jira babban jirgin fito zuwa Makango.

Muka tarar jirgin yana can tsallake, ba kuma wanda ya iya faɗa mana yaushe zai dawo. Masu kwalekwalen inji suka yi mana caa. "Malam, ku shigo, yanzun nan za mu tashi!" Yaran sun ƙagu, har sun fara kwance kaya. Mu kuwa muka tsaya muna duban yadda ake loda buhuna da awaki da mutane, har bakin kwalekwalen ya kusa shan ruwa. Ga kututturan itatuwan da tabkin ya shanye a tsaye cikin ruwa, waɗansu ana gani, waɗansu sai an taka. 'Ya'yan mutane aka ba mu amana, rigar ruwa ko ɗaya ba mu gani ba. Muka ce ba mu shiga. An yi fushi, an kumbura baki, muka bar su da fushinsu.

Muna zaune muka ga yara ƙanana, sa'annin 'yan aji huɗu, suna kwarfe ruwa daga jiragen masunta, suna warware koma. Malamin makaranta ba ya ganin irin wannan ransa ya yi daɗi.

Sai bayan La'asar jirgin ya iso. Kafin mu sauka Makango rana ta yi ja, ga sauran tafiya kamar kilomita 30. Muka ɗaura tocila a kan kekuna, muka jera yadda ayari yake yi, malami ɗaya jagaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya yana kora. Duk wanda ya gaji sai a kira sunansa ya amsa.

Isha ta wuce muka shiga Salaga, garin da goron Asante yake haɗuwa da kanwa da tufafin Kano kafin Turawan Ingila su ci Kumasi a 1874, garin da Alhaji Umaru ya zauna kafin ya koma Kete-Krachi bayan yaƙin 1892. Ba mu ga komai ba sai fitilun masu shayi. Wani tsoho a ƙofar masallaci ya dubi ƙurar jikinmu ya ce, "Daga ina?" Ƙaramin cikinmu ya ce, "Daga Kumasi, Baba." Tsohon ya sa aka shimfiɗa mana tabarmi, ya aika a jawo mana ruwa a rijiya.