Hannun Magini

Mahaifina magini ne, ɗan magini, jikan magini. Ni kuwa injiniya ne, kuma na daɗe ina kallon wannan bambanci a matsayin ci gaban da gidanmu ya samu. A shekarar da na raka shi ziyara birnin Fas na ƙasar Maroko, akwai wata magana da ta yi wata takwas tana kwance tsakaninmu. Ni da 'yan'uwana mun yanke shawarar rushe gidanmu na gado da ke cikin birnin Zariya, mu ɗora bene na bulo da siminti, da shaguna huɗu ta bakin hanya. Na zana taswira, na kai masa. Ya karɓa, ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo mini, ya ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Wanda ya san dattawanmu ya san wannan addu'a ba amincewa ba ce.

Burinsa na shekara da shekaru shi ne ya ziyarci zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, wanda ya rasu a Fas a shekarar 1815. Da Allah ya hore mini, na biya mana kuɗin tafiya. Ba zan ɓoye ba, a ƙasan zuciyata ina fatan wannan hidima ta tausasa shi a kan maganar gida. Mun yi kwana biyar tsakanin masauki da zawiya. A rana ta shida na ga sanarwar wata fita ta yini guda, da mota da ɗan jagora, zuwa kufan wani birni na Rumawa da mutanen ƙasar ke kira Walili, Turawa kuma Bolubilis. Na gaya wa Baba. Ya ce shi ziyarar waliyyai ya zo, me zai kai shi kangon mutanen da suka bauta wa gumaka? Sai da na ambata masa cewa za a biya da mu garin Maulaya Idris, inda kabarin sharifin yake, sannan ya ɗauki sandarsa.

Mu goma sha ɗaya ne a motar: Faransawa, da wasu ma'aurata daga Sifen, da mu biyu cikin manyan riguna. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, ta cikin gonakin alkama da itatuwan zaitun. Watan Afrilu ne, ƙasa ta yi kore shar. Ɗan jagoranmu dattijo ne siriri mai hular kaba, yana magana da Faransanci ya maimaita da Ingilishi, ni kuma in juya wa Baba da Hausa. Tun daga nesa muka hango ginshiƙai tsaye a kan tudu, a gindin dutsen Zarhun, wasu fararen tsuntsaye dangin shamuwa sun yi sheƙa a kawunansu.

Na zaci na san abin da Baba zai faɗa. Na shirya jin wa'azin nan da kowa ke yi a gaban kufai, cewa duniya ba matabbata ba ce, ina waɗanda suka gina, ina sarautarsu. Bai yi ba. Da muka shiga, ɗan jagora ya fara jero tarihi: birnin ya girmi zuwan Rumawa, ya shiga ƙarƙashin mulkinsu a ƙarni na farko na Miladiyya, an kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita biyu da rabi wajen shekarar 168, arzikinsa kuma alkama ne da man zaitun. Ina cikin fassara na waiga, ban ga Baba ba. Can na hango shi durƙushe a bakin wata ƙofa da babu ƙyaure, babu bango, sai dokin ƙofa na dutse. Ya sa yatsa cikin wani ɗan rami a gefen dutsen yana juyawa.

"Zo ka gani," in ji shi. "Nan ƙafar ƙyaure take juyawa. Dubi yadda ya side. Wannan ƙofa ta sha buɗewa."

Daga nan tafiyar ta rabu biyu. Ɗan jagora yana gaba da jama'arsa, yana nuna musu daɓen gidajen attajirai, inda aka jera ƙananan duwatsu masu launi aka fitar da hotuna: wani makaɗi da namun daji kewaye da shi, wani ƙaƙƙarfa mai suna Harkulis da wahalhalunsa goma sha biyu, wani ɗan wasa da ya hau jaki yana fuskantar wutsiya. Baba ya kalli hotunan sau ɗaya ya kawar da kai. Abin da ya tsayar da shi tsarin gidajen ne. Ya bi tushen bango da sandarsa yana lissafi: ga mashiga, ga fili a tsakiya wanda ɗakuna suka kewaye, ga wurin da ruwa ke taruwa, ga shaguna ta waje suna kallon titi, bayansu a jingine da gidan. Ya ce, "Ashe su ma sun san zaure da tsakar gida. Mai wucewa ba ya ganin iyali." Sannan ya dube ni ta gefen ido, ya ƙara da cewa, "Har da shagunanka." Ban tanka ba.

A wurin matsar man zaitun ne ɗan jagora ya fara lura da shi. An gano irin waɗannan wurare fiye da hamsin a birnin, an kuma sake haɗa ɗaya domin masu ziyara su ga yadda take aiki. Kafin a yi bayani, Baba ya riga ya karanta ta: a nan ake niƙa 'ya'yan, a zuba a kwanduna a jera, a danne da wannan gungume, wancan dutsen ne ke jan gungumen ƙasa, man ya bi wannan 'yar kwata ya faɗa rami, ruwa ya kwanta, mai ya taso. Na juya wa ɗan jagora abin da ya ce. Ya cire hularsa, ya tambaye ni ko mahaifina malamin jami'a ne. Na ce magini ne. Na lura da muryata lokacin da na faɗi kalmar. Shekaru da yawa, in an tambaye ni sana'arsa a wurin aiki, "ɗan kwangila" nake cewa.

Babban titin birnin ya gangaro ne daga ƙofar da ake kira Ƙofar Tanja, ya ƙare a wata babbar ƙofa ta dutse da ba ta shiga ko'ina. An gina ta a shekarar 217 domin girmama Sarkin Rum Karakala da mahaifiyarsa Juliya Domna, kuma a wannan shekarar ce aka kashe sarkin. Sunansa da laƙabansa suna nan a sassaƙe a sama. Baba ya tsaya a ƙarƙashin bakan, ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce mu namu bakan gizo da azara muke ɗaure shi, mu miƙo ta daga bango kaɗan-kaɗan, mu lulluɓe da ƙasa har hannuwan biyu su haɗu. Su kuwa sun yanka kowane dutse ne yadda zai jingina da ɗan'uwansa, nauyin da ya kamata ya kayar da su shi ne ya riƙe su. Na karanta wannan a aji biyu na jami'a, da lissafinsa da zanensa. Ban taɓa tunanin in tambayi mutumin da ya ɗaure baka ya fi ɗari da hannunsa yadda yake yi ba.

Sai ya matsa jikin ƙofar, ya shafa dutse ɗaya, ya shafa na kusa da shi, ya ja da baya.

"Hannu biyu ne a nan," ya ce. "Wanda ya fara daban, wanda ya gyara daban. Na biyun yana da ƙoƙari, amma bai ga ginin a tsaye ba."

Na tambayi ɗan jagora. Ya ce gaskiya ne: ƙofar ta zube, Faransawa ne suka sake tayar da ita tsakanin 1930 da 1934, kuma masana da kansu suna da ja a kan ko haka ainihin siffarta take. Baba ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani, ya ce in tambaye shi sunan maginin farko. Ɗan jagora ya ambaci gwamnan da ya sa aka yi aikin. Baba ya ce ba shi yake nufi ba, wanda ya riƙe guduma yake tambaya. Dattijon ya buɗe hannuwansa. Baba ya ce, "Mu dai a Zazzau mun riƙe sunan Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a." Ya faɗi haka da wata 'yar alfahari da ban saba ji daga gare shi ba. Ni kuwa a lokacin ne na tuna ban san wane ne cikin kakannina ya ɗaure rufin zaurenmu ba, zauren da na yi wa jan layi a taswira.

Muka zauna a inuwar wani bango, gefen dandalin birnin, domin ƙafarsa ta fara ciwo. A nan ya yi tambayar da ta fi kowace: me ya ci garin? Yaƙi ne? Ɗan jagora ya zauna tare da mu, ya bar sauran suna ɗaukar hoto. Ya ce mulkin Rum ya janye daga yankin wajen shekarar 285, amma mutane ba su tashi ba. Sun ci gaba da zama ɗaruruwan shekaru. Da hanyar ruwan da ke shayar da birnin ta lalace, ba a gyara ba, sai suka koma ɓangaren da ke kusa da rafi, suka kwashi duwatsun tsoffin gidaje suka yi sabbi. A nan Idris ɗan Abdullahi, jikan gidan Annabi, ya sauka wajen shekarar 788, aka yi masa mubaya'a. Bayan da sarauta ta koma Fas, garin ya riƙa raguwa. Daga baya Sarki Maulaya Isma'il ya sa aka kwashi duwatsu da ginshiƙai zuwa ginin birninsa na Maknas, girgizar ƙasa ta 1755 kuma ta kayar da abin da ya rage a tsaye. Har mutanen karkara suka manta masu shi, suka riƙa kiran wurin Fadar Fir'auna.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "To, ka ji. Ruwa ya tsaya, ba wanda ya ce aikinsa ne." Ya yi shiru, yana tona ƙasa da bakin sanda. Sannan ya yi maganar da na yi wata takwas ina jira, a wurin da ban zata ba.

"Ka rushe gidan in kana so. Na yafe. Gida na masu rai ne, waɗannan ma da suka ga bukata sun ɗebi dutsen iyayensu sun yi ɗaki. Abin da nake tsoro daban ne. Ginin ƙasa kowace shekara yana kiran mai shi kafin damina, a duba indararo, a toshe tsaga, a yi yaɓe. Ranar yaɓe kowa yana gida, har wanda ke fushi da wani. Naka ginin ba zai kira kowa ba. Za ku karɓi haya ta waya, ku shekara ba ku haɗu ba."

Na samu izinin da na biya kuɗin jirgi domin in samu, kuma ban ji daɗinsa ba. Ina da amsoshi: ƙasa ta yi tsada, maginan da suka iya sun ƙare, rufin ɗakin Inna yana yoyo, yara suna bukatar kuɗin makaranta. Duk gaskiya ne, kuma har yau gaskiya ne. Amma ina zaune a kufan mutanen da ban haɗa komai da su ba, na biya kuɗi domin in kalli dokin ƙofarsu da girmamawa, alhali taswirar rushe namu tana cikin jakata a masauki.

Da la'asar muka hau garin Maulaya Idris, fararen gidaje a kan tuddai biyu. Abokan tafiyarmu suka tsaya a wajen shingen da wanda ba Musulmi ba ba ya wucewa, mu muka shiga. Baba ya yi addu'arsa mai tsawo. A hanyar komawa Fas ya yi barci, kansa a kafaɗata, hannuwansa a kan gwiwa. Na daɗe ina kallon hannuwan nan: faratan da suka kauri, tabon azara a babban yatsa, fatar da ƙasa da makuba suka rina har abada.

Da muka dawo Zariya na sake taswira. Ɗakunan baya, waɗanda suka riga suka gaji, mun rushe su mun yi na bulo. Zaure da soron da ke kansa muka bari, shaguna suka koma biyu. Yayana bai ji daɗi ba, ya lissafa mini hayar da muka yi asara, kuma lissafinsa daidai ne. Ƙasar tsoffin ɗakunan Baba ya hana a zubar. Ya sa aka tara ta a lungu, ya ce tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa kama jiki in an sake kwaɓa ta.

Bana ne karo na uku da muka yi yaɓe da ita. Baba ba ya iya hawa tsani yanzu, yana zaune a kan dakali yana ba da umarni da sanda. Ni nake hawa, ɗana yana miƙo mini curi. Da na sauko ya sa aka kama shi ya tashi, ya shafa inda na yi, ya shafa inda ya yi shekaru ashirin da suka wuce.

"Hannu biyu ne," ya ce. "Amma ka fara gane ruwan kwaɓi."

A ranar na tambaye shi sunan wanda ya ɗaure rufin zauren. Ya gaya mini, na sa ɗana ya maimaita har sau uku.