Duwatsun da ke Ƙarƙashin Teku

Ni ɗan tudu ne. Tun ranar da kududdufin bayan gari ya ci abokin wasana, muna 'yan shekara tara, mahaifiyata ta shata mini iyaka da ruwa, na kuwa kiyaye ta har na haura arba'in. A ɓoye na koyi iyo. Saboda haka mai karatu zai iya ƙiyasta irin lugudan da zuciyata ta yi a watan Fabrairun 2023, sa'ad da na tsaya a bakin jirgi a tsibiran Similan na ƙasar Tailan, goye da tukunyar iska, bayan horon kwana huɗu.

Sunan tsibiran ya samo asali daga kalmar Malayanci mai ma'anar tara, kuma tun 1982 aka keɓe su a matsayin gandun ƙasa. Abin da ban zata ba shi ne in tarar da gida a can ƙasa. Manyan duwatsu ne mulmulallu, wani bisa wani, tamkar an tumɓuke Kufena an nutsar da shi a Tekun Andaman, sai dai murjani ya maye gurbin ciyawa.

A kowace mita 10 nauyin da ke danne mutum na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar sarari, kunne ne kuma ke fara shaida haka. Wajen mita 18 na kuskure na goge dutse da yatsa. Jinin da ya fito kore ne, domin ruwa na shanye jan launi tun a sama-sama. Nan fa tsoro ya turnuƙe ni, na yunƙura zan yi sama da gudu, wanda shi ne babban ganganci, tun da iskar da ke huhu kumbura take yi yayin da mutum ke tasowa. Malamina ya riƙe ni, ya yi mini ishara in numfasa a hankali.

Da na natsu sai na ga kunkurun teku yana kiwo a gefen dutse, ga kifin shak kwance bisa yashi, bai ko kula mu ba. Sauran kuwa, shuɗi da rawaya da masu zane, ba ni da sunansu. Na san tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa. A nan malamin adabi ya koma mai nuni da yatsa.

Sai da na dawo na faɗa wa Inna. Ta jima ba ta ce uffan ba, sannan ta tambaye ni ko ruwan da sanyi.